Tafiyar Magani a Cikin Jiki, da Abin da Aka Koya Daga Itatuwan Ƙasar Sin

Da yawa daga cikinmu, in mun haɗiye magani, mu kan ɗauka aiki ya ƙare, sai jiran sauƙi. Kaɗan ne ke tambaya ina abin nan ya nufa bayan ya wuce maƙogwaro, ko kuwa don me wani magani ya ke kamawa nan da nan, wani sai an kwana an tashi. Mu da za a tura makarantu mu koya wa yara tsabta da kiwon lafiya, lalle wata rana wani yaro mai kaifin hankali zai yi mana wannan tambaya a gaban 'yan'uwansa, kuma ba abin da ya fi ci wa malami rai kamar ya tsaya yana sosa ƙeya. Shi ya sa muka ga ya kyautu mu bi sawun magani tun daga tukunya har ya fita daga jiki. Mun zaɓi magungunan mutanen Sin domin su ne masu bincike suka fi bin diddiginsu cikin dukan magungunan gargajiya, ga shi kuma ɗaya daga cikinsu shi ne a ke ba mu a asibiti in zazzaɓin cizon sauro ya kama mu.

Sinawa sun daɗe suna rubuta saninsu na itatuwa. Tsohon littafinsu da a ke jingina wa Shennong ya lissafta magani 365, kuma ya kusa shekara dubu biyu. Wani likita mai suna Li Shizhen ya yi shekara 27 yana tattara nasa, ya gama a cikin 1578, aka buga shi a 1596 bayan rasuwarsa, da magani 1,892 a ciki. Ba su cika ba da itace ɗaya shi kaɗai ba. Su kan haɗa da yawa a tukunya guda, su ba kowane matsayi kamar a fada: akwai sarki, wanda shi ne ke yaƙi da cutar, akwai waziri mai taya shi, akwai mataimaki mai rage kaifin sauran, sa'an nan jakada mai daidaita tsakaninsu. Sai a dafa, a tace, a sha ruwan. To, a cikin ƙoƙon nan guda akwai sinadari iri iri, ɗaruruwa, kowane da hanyar da zai bi.

Tumbi ba ya tsotsar abu mai yawa. Babban wurin shiga shi ne ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai ƙafa 20, cikinsa kuwa duk 'yan tsiraye ne kamar gashin darduma, domin su ƙara faɗin wurin tsotsa. Bangon hanjin nan na maiƙo ne, saboda haka abin da ya ke ƙarami, mai son narkewa a cikin mai, shi ke ratsawa da sauƙi. Abin da ya ke babba, mai son ruwa, sai ya tsaya waje. Nan ne abin mamaki na farko ya ke. Itatuwa da yawa ba su ajiye maganinsu tsirara. Su kan ɗaure shi da wani guntun sukari, kamar yadda a ke sa wuƙa cikin kube. Muddin sukarin nan yana manne, maganin ya yi girma, ba ya iya ratsa bango, sai ya gangara har babban hanji ba tare da ya yi kome ba.

Wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi ya riga ya ga irin wannan al'amari da idonsa, ko da bai sani ba. Ganyen baba kore ne, ba wanda zai ce akwai shuɗi a cikinsa. Shuɗin yana nan, amma ɗaure da sukari. Sai an jiƙa shi ya ruɓa, an yanke sukarin, kāna launin ya fito ya kama zane. Haka babban hanjin mutum ya ke, karofi ne. A cikinsa akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, yawansu ya wuce lissafin da mu ke yi a allo, kuma sukari abincinsu ne. Da maganin ya iso, sai su cinye kuben su bar wuƙar.

Saiwar da Sinawa ke kira da huang ita ce misali mafi sauƙi. Maganin wankin ciki ce, kuma abin da ke aiki a cikinta, watau senosayid, shi ne dai ke cikin filaskon da tsofaffinmu ke ba mai taurin ciki. Senosayid ba ya taɓa tumbi, ba ya taɓa ƙaramin hanji. Sai ya isa babban hanji ƙananan halittun nan su juya shi ya zama wani abu dabam mai motsa hanji da jawo ruwa a cikinsa. Tafiyar nan ta kan ci kamar sa'a 8 zuwa 12. Ga dalilin da ya sa a kan sha irin wannan magani da dare a ga aikinsa da safe, ga kuma dalilin da ya sa mai gaggawa, wanda ya ga shiru ya ƙara wani ƙoƙo, ya kan yini a bayan gida. Likitocin Sin sun lura tun da daɗewa cewa in an daɗe ana tafasa da huang ƙarfinta na wanki ya kan ragu, don haka in wankin a ke so, sai a jefa ta a tukunya daga ƙarshe. Ba su san sunan senosayid ba, amma sun san zafi yana ɓata shi.

Haka nan saiwar jinsin, wadda su ke kira renshen, wadda sunanta ya game duniya. Yawancin abin da ke cikinta bai fi kaɗan ƙwarai ke shiga jini yadda ya ke ba. Sai halittun hanji sun yanyanke sukarin ɗaya bayan ɗaya. Amma ba kowa ke da irin halittun da ke wannan aiki da yawa ba, gama halittun hanjin mutum sun danganta ga abincinsa da wurin zamansa da magungunan da ya sha a baya. Mutum biyu sai su sha daga tukunya ɗaya, jinin ɗaya ya sami rabo mai yawa, na ɗayan ya sami kaɗan. In sun yi gardama daga baya, wannan ya ce magani ne, wancan ya ce ruwan banza ne, kowa gaskiyar jikinsa ya faɗa. An kuma gwada a kan ɓeraye, aka ga in an ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta tukuna, wanda ke share halittun hanji, juyawar nan ta kan ragu ƙwarai.

Akwai kuma wanda da kyar ya ke shiga jinin ko kaɗan. Huang lian saiwa ce rawaya, mai ɗaci kamar maɗaci, kuma abin da ke cikinta, barbarin, ko kashi ɗaya cikin ɗari ba ya kai wa jini, domin bangon hanji yana da waɗansu 'yan famfuna masu tura baƙo waje, abin da ya tsallake su kuma hanji da hanta su sarrafa shi. Duk da haka Sinawa sun daɗe suna shan ta domin gudawa. Ba abin mamaki ba ne in an duba, gama cutar a hanji ta ke, maganin kuwa nan ya tsaya.

Abin da ya ratsa bangon hanji bai riga ya sami 'yanci ba. Dukan jinin da ya taso daga hanji ta babbar jijiya ɗaya ya ke bi, jijiyar nan kuwa ba ta zarce ko'ina ba sai hanta. Kamar gari ne mai ganuwa da ƙofa ɗaya, kowane fatake sai sun sauke kaya gaban sarkin ƙofa. Hanta ta kai nauyin laba 3, kuma a cikinta akwai ma'aikata, waɗanda masana ke kira inzam, da ba su da aiki sai sāke kamannin duk baƙon da ya shigo. Manyansu jama'a ce guda da a ke kira P450, sunan da waɗansu masana biyu na Japan, Omura da Sato, suka ba su a 1962. Aikin hawa biyu ne. Da fari a ɗan sassaƙe baƙon, a yi masa maƙali. Sa'an nan a rataya masa wani abu mai son ruwa, sau da yawa ɗan'uwan sukari, domin ya narke a fitsari ko a ruwan matsarmama a fitar da shi. Hanta ba ta san magani ba, ba ta san guba ba. A wurinta duk baƙi ne, kuma nufinta ɗaya, ta sallame su.

Wani lokaci sallamar ba ta ƙarewa da sauri. Saiwar huang qin tana da wani abu mai suna baikalin. Halittun hanji su cire masa sukari, ya shiga. Bangon hanji da hanta su mayar masa da sukarin. Hanta ta zuba shi cikin ruwan matsarmama, wanda ke kwarara cikin hanji. Can kuma halittun su sāke cire sukarin, ya sāke shiga jini. In an auna jinin wanda aka ba shi, sai a ga maganin ya hau, ya sauka, ya sāke hawa bayan sa'o'i, alhali ba a ƙara ba shi kome ba.

Wannan kewaye shi ke sa gan cao ta zama abin lura. Saiwa ce mai zaƙi, zaƙinta ya ninka na sukari sau da yawa, kuma da wuya a haɗa tukunya a ƙasar Sin ba a jefa ta ba, ita ce jakadan da muka ambata. Bayan halittun hanji sun kwance ta, abin da ya fito ya kan je ƙoda ya toshe wani ma'aikaci wanda aikinsa shi ne hana ƙoda riƙe gishiri fiye da kima. Da ya tsaya, sai jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da wani gishirin dabam da a ke kira fotasiyam, wanda nama da zuciya ba su aiki sai da shi. Mai shan ta da yawa kullum sai ƙafa ta kumbura, jini ya hau, gaɓoɓi su mutu, har bugun zuciya ya rikice. Ko an daina sha, abin ya kan ɗauki mako ɗaya ko fiye kafin ya lafa. Mun tsaya a kan wannan ne don mutane sun saba tsoron abu mai ɗaci, su saki jiki da mai zaƙi.

Ƙofar fita ita ce ƙoda. Ƙoda biyun nan su kan tace ruwan jini wajen galan 40 a yini da kwana, watau garwa goma ta kananzir, su mai da kusan duka, su bar abin da bai kai rabin galan ba ya zama fitsari. Fitar magani tana da lissafi mai daɗin koyarwa. Ba ya fita da mudu ɗaya kowace sa'a. Rabin abin da ya rage ne ke fita a cikin wani ƙayyadadden lokaci. In akwai 100, bayan lokacin nan saura 50, bayan wani saura 25, haka har bayan sau biyar abin da ya rage bai wuce 3 da ɗan kai ba. Kowane magani da nasa lokacin rabi, kuma shi ne ke faɗa wa likita ko sau nawa za a sha a yini.

Ma huang, wani ɗan tsiro mai siraran rassa da Sinawa ke ba mai tari da mai fuka, yana daga cikin waɗanda hanta ba ta cika taɓawa ba. Wani masani na Japan, Nagai Nagayoshi, shi ya fara fid da abin da ke aiki a cikinsa a 1885, aka sa masa suna efedirin. A 1924 Chen da Schmidt, suna aiki a makarantar likita ta Bijin, suka nuna yana buɗe hanyoyin numfashi kamar adiranalin. Amma adiranalin in an haɗiye shi hanji da hanta su kan lalata shi kafin ya kai ko'ina, shi ya sa sai da allura. Efedirin kuwa ya kan wuce ƙofa lafiya, ya yi aikinsa, yawancinsa ya fita a fitsari da kamanninsa na asali, rabinsa a cikin sa'a 3 zuwa 6. Wannan ya sa ya zama maganin fuka na haɗiya a ƙasashe da yawa. Wannan kuma ya sa ya ke da haɗari, gama abin da hanta ba ta rage ba ya kan isa zuciya da cikakken ƙarfinsa. Da 'yan kasuwa suka mai da shi maganin rage ƙiba, mutane suka mutu, gwamnatin Amurka ta hana sayar da shi ta wannan fuska a 2004.

Yanzu sai wanda ya fi shafarmu. Qinghao ganye ne dangin tazargade. Wani malami mai suna Ge Hong, a ƙarni na huɗu, ya rubuta cewa mai zazzaɓi ya jiƙa dunƙule ɗaya na ganyen a ruwa, ya matse, ya shanye. A 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, gwamnatin Sin ta kafa aikin neman sabon maganin zazzaɓin sauro, a 1969 aka sa wata mace mai suna Tu Youyou shugabancin wata ƙungiya a ciki. Sun gwada ganyen nan, wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi. Da ta koma ga maganar Ge Hong sai ta lura bai ce a dafa ba. Ta sāke fid da maganin ba da zafi mai yawa ba, a 1971 ya kashe ƙwayoyin cutar sarai a jikin ɓeraye. Shi ne atemisinin, kuma saboda shi aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Yadda ya ke aiki abin sha'awa ne. Ƙwayar zazzaɓi tana zaune cikin jan ƙwayar jini tana cin jan abin da ke ciki, wanda ke ɗauke da ƙarfe. Atemisinin yana da wata gada ta iskar shaƙa guda biyu a jikinsa. Da ta gamu da ƙarfen nan sai ta tsinke, gutsattsarin su ƙone ƙwayar cutar daga ciki. Abincin ƙwayar ne ke kunna abin da ke kashe ta. Maganin zazzaɓi ne mai sauri ƙwarai. Amma jiki ba ya barinsa ya daɗe. Irin da a ke yin allura da shi ya kan juye cikin 'yan mintoci ya zama wani ɗan'uwansa mai aiki, shi kuma rabinsa ya kan fita cikin kamar sa'a ɗaya. Bugu da ƙari, atemisinin na asali ya kan sa hanta ta ƙara yawan ma'aikatan da ke lalata shi, har wanda ya sha kwana biyar a jere, abin da ke jininsa a rana ta biyar bai kai na ranar farko ba ko kusa. In an sha shi kaɗai na kwana kaɗan, zazzaɓi ya sauka, amma 'yan ƙwayoyin da suka tsira su kan farfaɗo, kuma masu taurin kai ne ke tsira.

Dabarar da aka yi ita ce a haɗa shi da abokin tafiya mai jinkirin fita. A ƙwayar da aka fi ba mu, abokin shi ne lumefantirin, wanda rabinsa ke ɗaukar kwanaki kafin ya fita. Na farko ya yi wa cutar dirar mikiya, na biyu ya tsaya ya share saura. A kan sha sau shida cikin kwana uku. Lumefantirin kuwa ba ya ratsa hanji sosai sai da maiƙo, don haka a ke cewa a sha shi da madara ko abinci mai mai. Dukanmu mun san wanda ya sha na kwana ɗaya, ya ji sauƙi, ya ajiye saura don wata rana, wataƙila ma mu ne. Wanda ya yi haka ya taimaki cutar ta koyi maganin. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kamfanoni su daina sayar da ƙwayar atemisinin ita kaɗai, kuma ba ta yarda da shan ruwan ganyen a madadin ƙwaya ba, domin ba wanda ya san yawan abin da ke cikin ƙoƙo. Bayan 'yan shekaru aka tabbatar da ƙwayoyin zazzaɓi masu jinkirin mutuwa a yammacin Kambodiya.

Wani sarrafawar kuma tun a tukunya a ke yinsa. Fu zi saiwa ce mai guba ƙwarai. Miligiram 2 na akonitin da ke cikinta ya isa ya tsai da zuciyar babban mutum. Sinawa su kan jiƙa ta, su turara, sa'an nan su fara dafa ta ita kaɗai sa'a ɗaya ko biyu kafin a zuba sauran itatuwa, domin ruwan zafi ya kan karya gubar ta koma abin da bai kai ta haɗari ba. Matanmu da ke jiƙa rogo mai ɗaci kwanaki kafin a ci sun san irin wannan hikima. Waɗanda suka gajarta dafuwar, ko suka jiƙa ɗanyar saiwar cikin giya, su ne a kan kwasa zuwa asibiti. Haka kuma itace da ƙwayar asibiti su kan yi karo a jiki ɗaya. An ga masu shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, sun haɗa da saiwar danshen, jini ya ƙi tsayawa. Mai shan na gargajiya da ya ɓoye wa likita don kunya, kansa ya cuta.

Mun ce jiki na sāke kamannin baƙo don ya fitar da shi, amma ba kullum sākewar ke zama alheri ba. Tsakanin 1990 da 1992, a wani ɗakin rage ƙiba a birnin Burasal na Beljiyam, an ba mata wani haɗi da ya kamata ya ƙunshi saiwar han fang ji. Sai aka yi musanya da wata mai kusan suna ɗaya, guang fang ji, wadda ke da gubar aristolokiya. Fiye da mutum 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa har sai da aka riƙa wanke musu jini ko aka dasa musu wata. Da aka bincika sai aka ga gubar ba ta yin babbar ɓarnarta sai ma'aikatan jiki, na hanta da na ƙoda, sun taɓa ta. Garin ƙoƙarin sāke ta su kan mai da ita wani abu mai manne wa zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, ya zauna nan shekaru, ya sa a yi kuskure duk sa'ad da ƙwayar za ta kwafi kanta. A shekara ta 2000 likitocin Beljiyam suka ba da labarin 39 daga cikin marasa lafiyan nan da aka cire musu matattun ƙoda da magudanan fitsari. An sami ciwon daji a jikin 18.  Ƙasashe da yawa sun hana itatuwan nan bayan haka. Dangin itacen kuwa ba a ƙasar Sin kaɗai su ke ba. Duman dutse, wanda a ke shimfiɗa saiwarsa a kasuwanninmu domin ciwon ciki, ɗan gidansu ne.